Injin da Ya Yi Shugaba Biyu a Gefen Jiratawa

Ku yaran yanzu, in na ce sana'ata girka sistem a kan sarbar daga nesa, sai ku yi murmushi, wai ai danna maɓalli ne a sha shayi a tashi. To ku gyara zama. Ni na yi aikin nan lokacin da rezo, wato layin intanet, ke tafiya kamar jakin da aka yi wa lodi. In ka buga harafi a nan Sabon Gari na Maradi, sai ya je can garin Tsibiri ya gaisa da mutane ya dawo kafin ka gan shi a kan ekaran, allon da ke gabanka.

Bari in fara da mene ne aikin, don na lura rabinku yi kawai kuke yi. Sarbar ordinatar ce, wato kwamfuta, babba da ba ta barci, ana ajiye ta a wani ɗaki ta riƙa yi wa mutane aiki. Mu injin kawai muke ce mata. Kai kana nan zaune, injin yana can, ba ka ganinsa, ba ka jin ƙararsa, ta waya za ka shiga cikinsa. Da farko ka yanka diski, wato faifan da ke riƙe da komai, kashi-kashi: nan sistem zai zauna, nan kayan mutane, nan kuma wani ɗan fili da injin zai riƙa shanya abin da ya yi masa yawa a ka. Sannan ka zuba sistem ɗin. Abu na ƙarshe shi ne mai sa mutum furfura. Akwai wani ɗan mitsitsin abu da ake dasawa a bakin diski, aikinsa ɗaya tak: in wuta ta shiga injin, shi zai fara farkawa, ya duba yankin da sistem yake kwance, ya tashe shi. A shagonmu zakara muke ce masa. In ka dasa zakara daidai, ka ba injin umarni ya mutu ya taso, zai taso. In ka kuskure ko da harafi ɗaya, ya mutu ke nan, babu wayar da za ta ƙara shiga cikinsa. Sai ka nemi takalminka.

Wanda ya koya mini, Mushe Laminu, tsohon malamin lekwal ne da yajin aiki da jiran albashi suka koro daga aji, ya faɗa gyaran ordinatar. Dabararsa ta koyarwa mugunta ce tsantsa. Injin da nake koyo da shi bai ajiye shi a shago ba, sai ya kai shi Tsibiri, ɗakin surukinsa, bayan buhunan gero. Duk ranar da na dasa zakara a karkace, ba ya zagi, ba ya ɗaga murya. Tsohon kekensa kawai zai nuna mini da leɓe. In hau in tafi Tsibiri cikin rana, in gaida surukin, in gaida matar surukin, in sha fura don ba a ƙin furar gidan, in gyara abin da bai kai minti ba, in dawo. Har mutanen hanya suka ɗauka neman aure nake yi, wani mai faci ma ya fara kirana ango. Cinyoyina ne suka koyi sana'ar nan kafin kaina.

Kayan aikina ba su da yawa: wata tsohuwar ordinatar ta hannu da maɓallin harafi ɗaya ya fita na liƙa masa ƙwallon dabino, salula, mafici, da benci. Masu kawo aiki su ne kaya masu nauyi. Akwai wani Alhaji mai safarar atamfa da na yanka wa diski, na nuna masa ɗan filin shanyar nan. Ya ce me ke ciki? Na ce ba komai, na injin ne, in ya gaji ya huta a wurin. Alhaji ya dube ni sama da ƙasa ya ce shi tun da yake bai taɓa gina wa ɗan aiki ɗakin hutu ba, ba zai fara da ƙarfe ba, in cike filin da rasit. Na ce to, na bar filin yadda yake, na sa masa suna sito. Da ya ga an rubuta sito sai ya yarda, har ya ce Allah ya yi albarka.

Amma aikin da nake so ku ji shi ne na wata ƙaramar ƙungiyar masu lambu da ke can gefen Jiratawa. Ba babbar da kuka sani ba, wannan sunanta ma ya riga ya mutu. Suna da magudanar ruwa ɗaya da ta taso daga wurin famfo ta bi lambu-lambu har ƙarshe, ana buɗe ƙofofinta bi da bi. Wasu masu furoje, irin ƙungiyoyin tallafin nan, suka kawo musu injin mai diski biyu, da katin salula a jikinsa. Aikinsa kowace safiya ya aika wa mai buɗe ruwa saƙo: yau ƙofar wane za ka buɗe. Mai buɗe ruwan, Ɗan Baba, wani dogon mutum ne mai tsoron rigima, kuma shi ya fi kowa murna, don yanzu duk wanda ya zo masa da faɗa sai ya ɗaga masa salula ya ce ga wanda ya faɗa. Ruwa yana farawa daga kai, ya sauko, ya ƙare a wutsiya. A can wutsiyar, lambu na ƙarshe, na Inna Tabawa ne, tsohuwar ungozoma, wadda ta dasa barkono a shekarar.

Daga Maradi na girka musu sistem, ban taka Jiratawa ba. Na haɗa diski biyun nan suka zama tagwaye, duk abin da aka rubuta a ɗaya sai ya hau ɗaya, don in wani ya mutu wani ya riƙe. Na dasa zakara a kan kowanne, kamar yadda keken Mushe Laminu ya koya mini. Injin ya taso lafiya lau. Sakataren ƙungiya ya kira ya tambaye ni me ya sa diski biyu, na ce masa ai abin da ke cikin wannan shi ke cikin wancan, ba bambanci ko na ƙwayar gero. Gaskiya na faɗa masa, kuma ya riƙe ta da kyau.

Sai muguwar shekarar ta zo. Ku ba ku ga lokacin ba. Siyasa ta yi zafi, gari ya rabu, masu cewa a ci gaba da masu cewa a sauka, kasuwa yau a buɗe gobe a rufe. Duk abin da ke da shugaba a ƙasar nan sai da ya haihu, har ƙungiyar masu wanki da guga ta yi biro biyu, wato ofis biyu. Masu lambun nan ma ba a bar su a baya ba. Aka yi zaɓe, Alhaji Sale ya ce shi ya ci, Malam Idi ya ce shi ya ci. Alhaji Sale gajere ne mai faɗi, Malam Idi siriri ne mai tsini, kuma tare aka yi musu kaciya. Da sulhu ya gagara, sai dattawa suka ce to a raba kaya, kowa ya kama gabansa.

Rabon da aka yi, ko magada ba su kai shi tsanani ba. Kujeru aka raba daidai, wadda ta yi saura aka ɓalle ƙafafunta. Tabarma aka tsaga ta tsakiya. Buta wannan ya ɗauka, murfinta wancan. Akwai akwatin batir da ke riƙe wa injin wuta in an ɗauke kuran, wato lantarki, shi ma aka buɗe shi, Alhaji ya ɗauki akwatin, Malam ya ɗauki batir ɗin. Da aka zo kan injin sai aka tsaya cirko-cirko, har wani ya tafi ɗauko zarto. Nan sakatare ya miƙe ya ce a tsaya, mai aikin Maradi ya faɗa masa akwai faifai biyu a ciki, kuma iri ɗaya ne sak. Aka yi kabbara. Aka zare ɗaya aka ba Malam Idi, ya shigo kasuwar Maradi ya sayi tsohon gangar jikin ordinatar da katin salula, ya soka faifan, ya ajiye a ɗakin da ke jikin biron ƙungiya, inda injin farko yake, ya jona a wayar rezo ɗaya da ta Alhaji.

Da a ce ni malalacin ma'aikaci ne, da zakara ɗaya na dasa, da faifan Malam Idi bai tashi ba, da magana ta ƙare a nan. Amma na yi aiki mai kyau, sai duka biyun suka yi cara. Inji biyu suka tashi, sunansu ɗaya, adireshinsu ɗaya, kowanne ya yi rantsuwa shi ne na ainihi. Kowane ɓangare kuma ya rubuta sunan shugabansa da jerin ƙofofinsa a nasa. Ni ina Sabon Gari ban san wainar da ake toyawa ba. Sai in shiga in ga Alhaji Sale ne shugaba, in juya in kurɓi shayi in dawo in ga Malam Idi. Na goge ekaran da hular kaina. Na sake shiga, Alhaji ya dawo. Na fara tunanin ko mutanen ɓoye ne suka samu rezo, don dama ana cewa gefen gulbin Jiratawa ba a rasa su.

Ɗan Baba ne ya warware mini, da ya kira ni.

"Mai inji, lahiya kuwa? Saƙo biyu ni ka samu kullum da sahe. Wanga ya ce buɗe ƙohwar Alhaji, wancan ya ce buɗe ta Malam. Hannuna biyu ne, amma ruwan guda ne. Yanzu haka ina bisa icce."

Na ce me ya kai ka bisa icce?

"Suna ƙasa su duka, kowa da sanda."

Haka na hau kabu-kabu na tafi Jiratawa, karon farko a aikin nan. Na tarar an yi zama a gindin wata bedi, kowane ɓangare a kan rabin tabarmarsa. Na yi musu bayani a hankali, na ce tagwayen nan za su iya komawa ciki ɗaya, amma injin bai san sulhu ba. Dole a ce wannan ne na gaskiya, sai a shafe wancan ƙaf a kwafa na gaskiyar a kansa. Ban rufe baki ba Alhaji Sale ya ce madalla, a shafe na Idi. Malam Idi ya cire hula ya ajiye a gwiwa.

"A shahe ni? Ni za a shahe? Yaro, wa ya aiko ka? Nawa anka ba ka?"

Na rantse ba wanda ya aiko ni. Aka yi ta hayaniya har wata akuya da ke ɗaure ta tsinke igiya. Da na ga za a haɗa da ni a sanda, sai na kawo wata dabara. Na ce a mai da faifai biyu cikin inji ɗaya, in sake yanka su, rabi na Alhaji, rabi na Malam, kowa da sistem ɗinsa da jerin ƙofofinsa, ba mai ganin na wani. Zakara ɗaya ne zai riƙa tada wanda ya kamata. Sai wani dattijo ya tambaya, to wa zakaran zai fara tadawa? Na ce akwai jeri, na sama shi ke tashi in ba a taɓa komai ba. Tsugune ba ta ƙare ba, aka koma sabon faɗa a kan wa zai hau sama. Alhaji ya ce shi ya girme da wata biyu. Malam ya ce ai a sahu ma dogo ake gani. Wani ya ce a rubuta su a layi ɗaya gefe da gefe, na ce zakara bai iya karatun gefe ba.

A nan na tuna wani abu da zakara ya iya wanda ba kowa ya sani ba. Ana iya gaya masa ya riƙa tuna wanda ya tada jiya, yau ya tada ɗayan. Na ce to ga karɓa-karɓa: duk lokacin da injin ya mutu ya taso, mulki ya koma hannun ɗaya ɓangaren. In ruwa ya zagaya daga kai har wutsiya, sai a kashe injin a kunna, wancan ya karɓa. Kowa ya ce wannan ita ce dimokuraɗiyya. Sai na ƙara da cewa ina so in yanki wani ɗan guntun wuri a tsakiya, na kowa da kowa, inda injin zai riƙa rubuta inda ruwa ya tsaya, don in mulki ya sauya wanda ya karɓa ya ɗora daga nan. A kan wannan kaɗai na ga Alhaji Sale da Malam Idi sun yi magana da baki ɗaya.

"Ba mu haɗa komi da su," in ji Alhaji. "Ko kwano."

"Ko inuwa," in ji Malam, alhali suna zaune a inuwa ɗaya.

Aka sa ni na yi alkawari gaban dattawa ba zan taɓa komai ba sai da yardar su biyun. Aka mai da faifai biyun cikin inji ɗaya, na dawo Maradi na yi aikin ta waya, na yanka, na zuba, na dasa, na ba da umarnin tashi. Injin ya taso da sunan Alhaji, don shi ƙuri'ar kara ta faɗa wa. Na ji daɗi ƙwarai, har na sayi tsire.

Abin da ba wanda ya lissafa da shi shi ne kuran. Batir yana gidan Malam Idi ana cajin salula da shi, akwatinsa yana gidan Alhaji kaza tana ƙwai a ciki. A shekarar nan kuwa wuta ba ta da alkawari. Duk ɗaukewar wuta injin ya mutu, duk dawowarta zakara ya tada ɗaya ɓangaren. Wata rana da hantsi Alhaji ne shugaba, kafin azahar Malam, da la'asar Alhaji ya dawo bai ma san an taɓa tuɓe shi ba. Mutane suka fara tambayar juna a bakin famfo, yau wa ke bisa? Yara suka gane in fitilar biro ta ƙifta an yi juyin mulki, sai su bi gari da gudu suna shela.

Ba a daɗe ba manya ma suka gane ba sai an jira kuran ba. Filogi yana nan a jikin bango, a kusa da ƙofa. Mutumin Malam ya shigo wai ya zo neman buta, ya zare ya mayar, mulki ya sauya. Mutumin Alhaji ya shigo wai tsintsiya ta kama waya. Akwai wanda ya rantse ɓera ne, aka tambaye shi ɓeran wace jam'iyya. Ni ina Sabon Gari ina kallon injin yana mutuwa yana tasowa kamar mai farfaɗiya, ina dariya har da hawaye.

Dariyar ta tsaya ranar da na zauna na duba ƙofofin da ake buɗewa. Kowane ɓangare in ya tashi, daga farkon jerinsa yake farawa, don bai san inda ɗayan ya tsaya ba. Jerin Alhaji ya fara da mutanen Alhaji, na Malam ya fara da mutanen Malam, duk a can kai. Wutsiya kuwa ita ce ƙarshe a jeri biyun. Lambunan kai suka sha ruwa har albasa ta fara ruɓewa, kwaɗi suka tare. Ƙofar Inna Tabawa ba a buɗe ta ba tun ranar da aka yi kabbara, ga barkononta ya fara fure, lokacin da ya fi son ruwa. Na kira Alhaji na faɗa masa, ya ce laifin Idi ne, shi ke zare filogi. Na kira Malam, ya ce in tambayi Sale. Na kira Ɗan Baba na ce ya buɗe mata ko da saƙo bai zo ba, ya ce kowane ɓangare ya gaya masa ranar da ya saɓa wa salula ranar zai bar aiki, kuma yana da iyali. Raina ya ɓaci sosai, amma alkawari ya ɗaure mini hannu.

Inna Tabawa ba ta kira kowa ba. Tambaya ɗaya ta yi wa Ɗan Baba, wai me zai sa ruwa ya kai gare ta. Ya ce sai in injin ya zauna bai mutu ba har zagaye ya cika. Washegari aka gan ta ta nufo biro da tabarmarta, cikakkiya ba rabi ba, da ƙwaryar fura da taɓarya. Ta shimfiɗa a ƙarƙashin filogi, ta jingina bayanta da bango, ta miƙe ƙafa ta tare ƙofa. Lokacin Alhaji ne ke bisa, don haka Malam Idi ne ya fara zuwa da kansa, yana gyaran murya.

"Inna, ina kwana. Wani ɗan abu za ni ɗauka ciki."

"Idi, ni na yanke maka cibi. Na san ka tun kana jan nama, kana tsala ihu kamar an taka mage. In kana iya ƙetare ƙahwata, bisimilla."

Malam Idi ya dubi ƙafar, ya dubi taɓarya, ya ce dama gaisuwa ce ta kawo shi. Alhaji Sale ya ji labari ya zo yana fara'a, wai Inna ta shigo ɓangarensa, har da goro. Ta karɓi goron ta ce shi ma ya ɓace mata da gani, shi ne ya zo duniya ta ƙafa, ya kusa kashe uwarsa, kuma har yau bai iya shiga abu ta kai ba. Daga nan ba wanda ya ƙara neman buta a biro. Matan wutsiya suka riƙa kawo mata abinci, in za ta yi salla wata ta karɓe ta. A Maradi ina ganin injin ya zauna daram, ruwa yana saukowa ƙofa bayan ƙofa, kullum yana matsowa. Ban taɓa son injin da ba na gani ba kamar yadda na so wannan a kwanakin.

Da safiyar ranar da ruwa zai shiga ƙofarta, saƙo bai riga ya fita ba, aka ɗauke kuran. Ba hannun kowa, wutar gari ce. Da ta dawo, zakara ya yi abin da aka koya masa, ya tada Malam Idi, injin ya aika wa Ɗan Baba ya buɗe ƙofar farko a can kai. Salulata ta yi ƙara. Na ɗauka na ji numfashin Ɗan Baba, sai kuma wata murya ta karɓe.

"Kai ne yaron Maradi mai yanka daga nesa?"

Na ce ni ne, Inna.

"An ce mani ka yanka ma Sale nashi, ka yanka ma Idi nashi. Mu da ba mu Sale ba mu Idi, ina namu?"

Na ce Inna na nemi in yanka, su suka hana, kuma na yi alkawari sai da yardarsu.

"To ga su nan tsaye gabana, na sa an kirawo su. Sale, ka yarda?" Na ji wani ƙaramin to. "Idi?" Na ji wani to ɗin, ya fi na farko ƙanƙanta. "Ka ji. Yanka."

Ku da kuke cewa aikin nan sauƙi ne, ku gwada matse yanki mai cike da kaya don ku fitar da sabon wuri, a kan injin da ke can nesa, ba batir, wuta tana ƙifta ido, rezo yana ɗingishi, tsohuwa tana kan layi tana jin numfashinka. In wuta ta tafi a tsakiyar yankan, Alhaji da Malam duk sun shafe, ba mai samun saƙo. Na rage kaɗan daga na wannan, na rage daidai shi daga na wancan, don na san za a tambaya. Na fitar da ɗan guntun wurin, na nuna wa sistem biyun hanyarsa, na rubuta a ciki cewa ruwa ya tsaya a ƙofar Inna Tabawa. Na karanta layin zakara har sai da haruffa suka fara rawa, sannan na ba da umarnin tashi. Injin ya mutu. Na zauna ina kallon baƙin ekaran, Inna tana cewa yaya, ni ina cewa yana zuwa. Can sai ga shi. Alhaji ne ya taso, amma saƙon da ya fita ya ce a buɗe wutsiya. Ta cikin salula na ji guɗar mata.

Ruwan ya shiga lambun a ranar, amma ihu ne bayan hari. Furen ya riga ya zube, itacen ya bushe tun daga saiwa. Ɗan Baba ya ce ta tsaya a bakin kunya tana kallon ruwa yana zagaya busassun kara har ya cika lambun. Sauran na wutsiya da suka shuka zogale sun tsira, don zogale yana da haƙuri. Nata ne ya tafi gaba ɗaya.

Al'ada ce a wurinsu, in mutum ya yi girbin lambu ya aika wa duk wanda ya sa hannu a aikin da ɗanɗano. Bayan ƴan kwanaki ina zaune a shago sai ga Inna Tabawa da kanta ta sauko daga motar Jiratawa, ƴar ƙaramar tsohuwa, da tasa a kai an rufe da faifai. Ranar na fara ganinta ido da ido. Na miƙe na ba ta benci, muka gaisa. Ta sauke tasar a kan teburina, kusa da ordinatar, ta buɗe. Busassun karan barkono ne, ba ko ɗa ɗaya a jiki, an jera su an ɗaure da kaba tsaf.

"Dami ukku na yi, daidai wa daida," in ji ta. "Na kai ma Sale nashi, na kai ma Idi nashi, sun amsa. Wanga naka ne."

Na ce Inna, ai ni ban taɓa taka lambunki ba.

"Su ma ba su taɓa takawa ba," ta ce. "Miƙo hannu."

Na miƙa hannu biyu na karɓa.